Tagar imel ta ƙi buɗewa daidai: kowa ya kawo abin da ya gani

Sakatariyar ofis

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattara abin da kowa ya gani da idonsa kan wata matsala da ake rainawa amma tana cin rai. Manhajar imel ɗin da nake aiki da ita, babbar tagarta lafiya lau take buɗewa. Amma da zarar na danna rubuta sabon saƙo, ko zan mayar da amsa, sai taga ta fito 'yar mitsitsiya a kusurwar hagu ta sama. Layin adireshi da na kan magana kawai ake gani, wurin rubutu bai fi layi biyu ba. Sai in danna maɓallin faɗaɗawa ta cika allo, in rubuta, in aika. Saƙo na gaba sai ta koma gidan jiya. Duk wanda aikinsa aika wasiƙu ne daga safe zuwa yamma ya san abin da nake nufi. An ba ni shawarar in goge manhajar in sake sa ta, amma ina tsoron wasiƙun shekaru da ke ciki. Wanda ya taɓa fama da irin wannan, don Allah ya faɗi yadda tasa ta kasance, ko da bai samu maganinta ba.

Malamin makaranta

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki goge komai tukuna. Tawa ma haka ta yi min. Maɓallin faɗaɗawar nan da kike dannawa shi ne bai wadatar ba. Ki buɗe tagar sabon saƙo, ki bar ta a ƙanƙantarta, ki kai linzamin kwamfuta bakin kusurwarta ta ƙasa har kibiyar ta zama mai kai biyu, sannan ki ja da hannu har ta kai girman da kike so. Ki kama samanta ki ajiye ta a tsakiyar allo. Daga nan kada ki rubuta komai, kada ki aika, ki rufe ta haka nan da alamar X. Sai ki rufe manhajar gaba ɗaya, ki sake buɗewa. Ni tun daga ranar ban sake ganin ƙaramar tagar ba. Na kuma lura cewa in tagogin saƙo biyu ko uku ne a buɗe, wadda aka rufe a ƙarshe ita ake tunawa da girmanta.

Mai gyaran kwamfuta

Malam ya faɗi daidai. Bari in ƙara dalilin, don kowa ya iya gane tasa.

Lokacin da ake rufe taga, manhaja tana rubuta faɗinta da tsawonta da inda take zaune a allo. Sannan, a gefe guda, tana rubuta ko a cike take ko ba a cike ba. Abu biyu ke nan daban-daban. In kin danna faɗaɗawa, girman nan na asali yana nan a ƙarƙashi bai canza ba, lulluɓe shi kawai kika yi. To in manhajar ba ta riƙe alamar cikawar ga tagar saƙo ba, sai ta dawo miki da ƙaramin girman da ta sani. Haka abin yake in an jingina taga a rabin allo da maɓallin Windows da kibiya: manhajoji da yawa girman da tagar take da shi kafin a jingina ta suke riƙewa.

Sannan kowace irin taga da nata lissafin. Babbar taga daban, tagar rubutu daban, littafin adireshi daban. Gyara ɗaya ba ya gyara sauran, shi ya sa babbar tagarki take lafiya ƙaramar na ba ki wahala.

Batun gogewa da sake sawa kuwa, ni ba na goyon bayansa ko kaɗan. Waɗannan lambobin ba a jikin manhajar suke ba, suna cikin bayanan mai amfani, ko dai a wata folda ta daban ko a rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunan kwamfutar, kuma cire manhaja yawanci ba ya taɓa su. Na sha karɓar kwamfutar da aka sake sa wa manhaja, mai ita ya ɓata yini guda, matsalar na nan daram.

Sakatariyar ofis

Malam, Injiniya, Allah ya saka da alheri. Na ja ta da hannu na rufe, ta zauna.

Ɗalibin jami'a

Tawa ta fi ta Anti tayar da hankali, domin ɓacewa ta yi ko sama ko ƙasa. Na haɗa laftof da majigi a wajen gabatar da aiki, na tura tagar imel zuwa allon majigin don a ga wani saƙo, a can kuma aka rufe ta. Da na koma ɗaki na buɗe manhajar, alamarta na nan a layin ƙasa tana nuna a buɗe take, amma allo wayam. Ashe tana can gefe, a wurin da allo na biyu yake da.

Abin da ya dawo min da ita: na danna alamarta a layin ƙasa, sannan na haɗa maɓallin Windows da Shift da kibiyar hagu, sai ga ta ta faɗo. Wani abokina da hakan bai yi masa ba, Alt da Space ya danna tare, sannan harafin M, sannan kibiya sau ɗaya, daga nan ya motsa linzami sai tagar ta biyo shi. Harafin M ɗin na Windows mai Turanci ne. In tagar a cike take, motsawar ba za ta yi ba sai an fara danna R ta koma girmanta. A kuma duba Windows da P, domin wani lokaci kwamfutar tana nan a kan Extend, tana ganin har yanzu allo biyu gare ta.

Akanta

Ƙanena, gara taka, sau ɗaya ta faru. Ni kullum a tsakanin allo biyu nake: babban sikirin a tebur, da na laftof in na tashi. Tagar da na daidaita a babban sikirin, in na buɗe ta a laftof sai ta zarce allon, samanta ya shige can sama inda ba a iya kamawa, ƙasanta kuma ya nutse. Na daɗe ina mamaki, domin dukansu biyun 1920 ne a faɗi, 1080 a tsaye.

Sai da na shiga saitin allo na ga bambancin. A saitin girman rubutu da abubuwan kan allo, babban sikirin yana kan kashi 100, na laftof kuwa yana kan kashi 150 don rubutu ya fito sosai. A kashi 150, filin da manhaja take gani ya koma 1280 a faɗi, 720 a tsaye. Taga mai tsawon 900 ba ta da inda za ta shiga a nan. Ban rage kashin ba, idona ba zai ɗauka ba. Abin da na yi shi ne daidaita tagar rubutu a kan ƙaramin allon, na rufe ta a can, na haƙura da ita haka ko da ina babban. Ta ɗan yi ƙanƙanta a tebur, amma ba ta taɓa ɓoye min maɓallin aikawa.

Mai gyaran kwamfuta

Hajiya, dabararki mai kyau ce. Akwai abu biyu da za su iya rage miki haƙurin. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana da zaɓi a saitin allo, ƙarƙashin sashen allo da yawa, na ta riƙa tuna wurin kowace taga gwargwadon sikirin da aka haɗa. Ki tabbata a kunne yake. In kuma manhajar imel ɗinki Outlook ce, ta Office da ake sawa a kwamfuta, a File, Options, General akwai zaɓi kan aiki da allo da yawa: ko a fifita kyan gani, ko a fifita dacewa. Na ga inda komawa kan dacewa ya daidaita tagogin da ke kumbura in an ja su daga wannan allo zuwa wancan. Sai an rufe an sake buɗewa yake kamawa.

Ma'aikaciyar jinya

Ni tagar ba ta canza ba, rubutun cikin saƙo ne ya zama ƙanana ƙwarai. Riƙe Ctrl da murza tayar linzami ya mayar da shi. Na faɗa ne don kada wani ya haɗa su, ya je yana gyaran taga alhali rubutu ne.

Dattijo mai ritaya

Sannunku da ƙoƙari, 'ya'yana. Tawa in na danna ta ba ta fitowa, sai ta sauka layin ƙasa ta zauna, sai na sake dannawa. Jikata ce ta duba min. Ta danna alamar manhajar da ke kan allo da ɓangaren dama na linzami, ta shiga Properties, ta nuna min wani layi mai suna Run. A kan Minimized yake. Ta mayar da shi Maximized, tun da ni a cike nake son ta. Zaɓi uku ne a wurin, na ukun shi ne Normal window.

Mai fassara

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni duk waɗannan na gwada ba su yi ba. Batir ne ya mutu min ana tsakiyar aiki, tun daga nan ko na ja taga na rufe, sai ta dawo wata siririya doguwa. Fayil ɗin da ake rubuta girman a ciki ne ya lalace. A Thunderbird, manhajar imel ɗin da nake aiki da ita, sunansa xulstore.json, yana cikin foldar bayanan mai amfani. Ana isa wurin ta Help, sannan Troubleshooting Information, sannan maɓallin buɗe foldar. Sai a rufe manhajar tukuna, wannan shi ne sharaɗin, domin in tana buɗe za ta sake rubuta tsohon a kai. Ban goge shi ba, suna na canza masa, na ƙara old a ƙarshe. Da na buɗe sai ta ƙirƙiri sabo. Wasiƙuna ko ɗaya bai taɓu ba. Abin da na rasa shi ne wasu gyare-gyaren da na yi wa shimfiɗar tagar, na sake su cikin 'yan mintoci.

Mai gyaran kwamfuta

Haka ne. A tsofaffin fitowar Thunderbird sunan fayil ɗin localstore.rdf. Na Outlook ta Office kuwa a rajista yake, ƙarƙashin HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Office\16.0\Outlook. Akwai Office Explorer na babbar taga, akwai Message na tagar saƙo, kowanne da wani abu mai suna Frame. In an rufe manhajar aka goge Frame ɗin, sai ta fara da girmanta na asali. Lambar 16.0 ta Office 2016 ce zuwa sama, 15.0 ta 2013, 14.0 ta 2010. A fitar da kwafin wurin a ajiye kafin a taɓa komai.

Mai kula da kwamfutocin ma'aikata

Injiniya, da girmamawa, ina roƙon kada wanda ke kan kwamfutar ofis ya shiga rajista da kansa. Ban musa maganarka ba, na yi hakan ya yi aiki. Amma mutum ya zame layi ɗaya ya goge abin da ba shi ba, gyaran ya fi matsalar farko nauyi. Kuma akwai wuraren aiki da aka saita su don bayanan mai amfani su koma yadda suke duk lokacin da ya fita. A irin nan ko me ka gyara, gobe da safe babu shi. Alamarta ita ce gyaran ya zauna yini guda, ya ɓace bayan an fita an sake shiga. Wanda ya ga haka ya zo wurinmu kawai.

Haka masu shiga kwamfutar ofis daga gida ta intanet. Tagar tana ɗaukar girman allon da aka shigo da shi, in an rufe ta a haka, da shi za ta tarbe ka a ofis. Ni kafin in fita daga nesa ba na rufe manhajar imel ɗin, a buɗe nake barinta, in na isa tebur in daidaita ta in rufe a can.