Gwajin farko a ajin fiziks: da me za a fara?

Maman Iman: Assalamu alaikum malamai. Ɗaliban da suka shigo ajin fiziks karon farko, wane gwaji ya kamata a fara musu da shi idan kayan ɗakin gwaji ba su da yawa? Ina son wanda za a gama cikin darasi biyu, kuma su samu lamba mai ma'ana a ƙarshe.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Lilo, Malama. Zare, noti mai nauyi, rula da agogon waya. Shi ke nan.

Injiniya: Lilo kam. Zare mai tsawon mita 1 zai ba ki kusan sakan 2 a zagaye ɗaya, su nemo g da kansu, wato ƙarin saurin da jan ƙasa ke ba abu mai faɗuwa, wajen 9.8.

Tsohon Malami: Ku dakata da "shi ke nan" ɗin nan. Babu gwajin da ya kai lilo ba da g ta banza idan aka sakar wa yara shi. Wannan rukuni ya kawo 10.9, wancan 9.4, sai a ɗora wa agogo laifi. Ba agogo ba ne.

Matsalar farko ƙirge. Yaro yana sakin noti sai ya ce "ɗaya", alhali "sifili" ya kamata ya ce. Bakinsa ya kai 20, amma zagaye 19 ya auna. T, wato lokacin zagaye ɗaya, ta ragu da kashi 5 cikin ɗari, kuma da yake T² ake sawa a lissafin, kuskuren ya ninka, g ta tashi wajen 10.9. Sannan zagaye ɗaya zuwa ne da dawowa. Wanda ya ɗauki zuwa kaɗai zai kawo miki g wajen 39, kuma ya rubuta ta ko a jikinsa.

Tsawon L daga inda zare ya fito daga maƙalarsa ne har tsakiyar notin, ba samansa ba. A tsaga toshiyar kwalba gida biyu a matse zaren a tsakani. Idan aka naɗa shi a jikin ƙarfe, yana zamewa, tsawon yana canjawa ana cikin awo. Sabon zare kuma yana warwarewa ya ƙara tsawo idan nauyi ya ja shi, don haka a sake auna L bayan an gama ƙirge.

Kada a ja notin ya wuce digiri 10. A zare mai mita 1 wannan kamar santimita 17 ne zuwa gefe. Yara suna son ja da ƙarfi, to a digiri 30 T tana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin ɗari, g ta faɗo wajen 9.5.

Me ya sa zagaye 20? Hannun mutum yakan yi jinkirin kamar sakan 0.2 wajen danna agogo. A kan sakan 2 wannan kashi 10 ne cikin ɗari, a kan sakan 40 kuwa rabin kashi ɗaya ne. A bar shi ya yi zagaye biyu ko uku tukuna, sannan a fara ƙirge daidai lokacin da yake ratsa tsakiya, an sa alama a bayan zaren.

Su yi da santimita 40, 60, 80, 100 da 120. A zana giraf, T² a tsaye, L da mita a kwance. Gangaren layin zai zo kusa da 4.0, a raba 39.5 (wato 4π²) da shi a samu g. Kada a tilasta wa layin bi ta sifili. Ko sun auna zuwa saman noti, layin zai kauce wa sifili ne kawai, gangaren yana nan daidai.

Baban Khalifa: Allah ya gafarta Malam, wannan ai darasi huɗu ne ba biyu ba 😂

Auntyn Lab: A kashe fanka kuma.

Injiniya: Ni duk wanda ya samu 10 na ba shi maki. Ai da 10 suke lissafi a aji.

Tsohon Malami: Da 10 ake lissafi don sauƙi. Wanda ya auna ya samu 10.0 cif a kowane tsawo, a duba takardarsa da kyau, daga amsa ya faro ya dawo baya.

Injiniya: To 9.8 ɗin ma ai ba ko'ina ba ce, ranka ya daɗe. Wajen 9.78 ce a kan layin da ya raba duniya arewa da kudu (equator), 9.83 a ƙuryar arewa da ta kudu.

Tsohon Malami: Agogon waya da yatsan yaro ba za su ga wannan bambancin ba. Bar shi.

Abu Safiyya: Ni a ganina kafin lilo a fara cire musu tunanin cewa abu mai nauyi ya fi saurin faɗuwa. A saki littafi da takarda dabam-dabam, littafi ya riga isa. A ɗora takardar a saman littafin, wadda ba ta kai shi faɗi ba, a sake saki, tare za su sauka. Amma su rubuta hasashensu kafin a saki, in ba haka ba kowa zai ce da ma ya sani. Daga nan a nuna musu bidiyon David Scott na Apollo 15, a 1971, inda ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata suka faɗi lokaci guda.

Baban Khalifa: Malama ta ce kaya sun yi ƙaranci, kai kuma za ka kai su wata.

Abu Safiyya: Bidiyon bai kai minti biyu ba, Malam.

Auntyn Lab: Akwai PhET, shirin kwaikwayon gwaje-gwaje a kwamfuta na Jami'ar Colorado a Amurka, kyauta ne, ana iya sauke shi a yi aiki ba intanet. A lilonsu ana canja nauyi a ga T ba ta motsa ba, ana ma canja g ɗin.

Tsohon Malami: Bayan sun riƙe zare da hannunsu, ba kafin ba. A kwamfuta zare ba ya zamewa, ba wanda ke kuskuren ƙirge, me za su koya game da awo?

Injiniya: Tunda ana maganar kaya, wa ya san abin da ke sa mitar auna lantarki ta daina karanta karan (current), amma tana karanta boltej lafiya?

Auntyn Lab: Fiyus ɗin ciki ne ya ƙone. Wani ya bar jan waya a ramin mA ya ɗora ta kai tsaye a kan batir. Amita a jere take shiga, sai an yanke layi an sa ta a tsakani. Boltmita ce ake ɗorawa a ƙetaren abin da ake aunawa. Buɗe bayanta ka karanta lambar da ke jikin fiyus ɗin, ka sa irinsa. Kada ka naɗa masa waya.

Baban Khalifa: Kuma in gwajin dokar Ohm za ka yi, ta alaƙar boltej da karan, kada ka sa ƙwan fitila. Yana zafi turjiyarsa tana ƙaruwa, giraf ya lanƙwashe. Wayar konstantan, batir biyu na bolt 1.5, a buɗe makunni tsakanin awo da awo.

Injiniya: Na gode. Auntyn Lab, fiyus ɗin na gilashi ne ko na tangaran?

Auntyn Lab: Ya danganta da mitar. Turo hoton bayanta.