Bishiyar dangin DAZ ta ƙi tsayuwa, ina neman shawara

Assalamu alaikum malamai. A nan Katsina muna haɗa bishiyar asalin ƙwayoyin gado uku, BOULE, DAZL da DAZ, masu hannu wajen samar da maniyyi da ƙwai. BOULE ce uwa, har ƙudan Drosophila na da ita. DAZL ta fito daga gare ta a dabbobi masu ƙashin baya, DAZ kuwa kwafin DAZL ce da ta koma kromosom Y, mutum na da DAZ guda 4 a wani yanki na Y da ake kira AZFc.

Idan aka jera cikakken furotin da manhajar MAFFT, wani sashe mai amino asid 24 da ake kira maimaicin DAZ ke wargaza komai: DAZL ɗaya take da shi, DAZ ta tara shi rututu, jeren duk ya cika da giɓi. In aka bar sashen RRM (ɓangaren furotin da ke kama RNA) kaɗai, ya yi gajarta, goyon bayan reshen DAZ a IQ-TREE (manhajar gina bishiyar) ba ya kai 50 cikin 100, har takan rabu da DAZL ta birai. Na fi zargin saurin canjin Y ne ke tsawaita reshen.

Shin in ɗauki maimaici ɗaya daga kowace DAZ? Wanne? Ko komawa jeren DNA ya fi? Allah ya saka da alheri.