Tsagewar gamin titaniyam da alminiyam da aka ƙera da leza: abin da kowa ya gani

Ɗalibar digiri na biyu, Rijiyar Zaki:
Assalamu alaikum. An turo mini ƙananan samfura na gamin Ti-48Al-2Cr-2Nb, wato haɗin titaniyam da alminiyam da ɗan kromiyam da niyobiyam, waɗanda aka ƙera ta hanyar narka garin ƙarfe da leza hawa bisa hawa. Da na yanka su na goge, na zuba musu ruwan Kroll, wato ruwan asid da ke fito da tsarin cikin ƙarfe, sai na tarar da tsagewa ta ratsa hawa da yawa, ga kuma layuka masu haske da masu duhu suna bin kwanciyar ginin. Ina roƙon duk wanda ya taɓa aiki da wannan ƙarfe ya faɗa mini abin da ya gani.

Injiniya, Gwale:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na yi aiki da shi lokacin da nake karatu a Jamus, kuma tsagewar ce ta fara tarar kowa. Wannan gami ba ya miƙuwa sosai idan zafinsa bai kai wajen digiri 700 zuwa 800 ba, ita kuwa leza tana narka ɗan mitsitsin wuri ne ta wuce, wurin ya huce nan take ya tsuke, alhali na ƙarƙashinsa ya riga ya daskare, to da yake ƙarfen ba zai iya lanƙwasa ya bi ba, sai ya dare. Wani lokaci muna jin ƙarar tsagewar tun aikin yana cikin inji. Ba mu ga sauƙi ba sai da muka riƙa ɗumama farantin da ake ginin a kai har kusan digiri 800, muka kuma bar samfurin ya huce a hankali. Saurin hucewar ba tsagewa kaɗai yake jawowa ba. Ƙwayoyin wannan gami iri biyu ne, ana kiran su gamma da alfa-2, to saurin hucewar yana hana sashen gamma fitowa yadda ya kamata, sai alfa-2 ya yi yawa fiye da kima, shi kuma ya fi gamma tauri da saurin karyewa.

Mai walda, Sharaɗa:
Injiniya, ban taɓa riƙe wannan ƙarfe ba, amma bayaninka ya zo daidai da yadda muke yi wa bulok ɗin inji idan ya fashe. Sai mun gasa shi tukuna kafin mu sa masa wuta, bayan an gama kuma mu binne shi cikin yashi ya kwana, domin in iska ta buge shi da zafinsa, gefen waldar ne zai sake buɗewa.

Malamar kimiyyar ƙarafa, Nasarawa GRA:
'Yata, kada tsagewar ta ɗauke miki hankali daga layukan nan, domin a ganina su ne suka fi koyar da mutum. Alminiyam ya fi titaniyam saurin zama tururi ya tashi, saboda haka duk inda leza ta yi zafi da yawa, saman narkakken wurin yana rasa wani kaso nasa. A samfuran da na duba da madubin ilektaron, wuraren da alminiyam ya ragu sun fi haske, kuma alfa-2 ya fi taruwa a cikinsu, masu duhun kuwa gamma ne ya rinjaya. Ki auna sinadaran layi ɗaya mai haske da na kusa da shi mai duhu, za ki ga bambancin da idonki.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗalibai suna ɗaukar hoton abin da ya fito daga inji su yanke hukunci a kansa. Sai an gasa shi tukuna tsarinsa na aiki yake bayyana. Idan aka gasa a wajen digiri 1250 zuwa 1300, ana samun tsari mai haɗe da dunƙulallun ƙwayoyin gamma da ƙananan gungu masu falle-falle, wanda ya fi miƙuwa a zafin ɗaki. Idan aka haura wajen 1360, inda komai ke komawa tsari guda da ake kira alfa, sai ya huce ya zama falle-falle gaba ɗaya, gamma da alfa-2 suna jere da juna, wannan kuwa ya fi jure nauyi a cikin zafi mai tsawo, amma ƙwayoyinsa na iya yin girma har miƙuwar ta ragu. Ki kuma tambayi waɗanda suka turo miki yawan iskar oksijin da ke cikin garin, domin ko kaɗan ne yana ƙara wa ƙarfen saurin karyewa.

Ma'aikacin gyaran jiragen sama, Fagge:
Malama, na taɓa riƙe fiffiken injin da aka yi da wannan gami a wurin horo, kuma rashin nauyinsa ne ya fara ba ni mamaki, don kusan rabin na gamin nikel ne. Kamfanin GE ya sa shi a matakai biyu na ƙarshe na injin GEnx da ke ɗaukar Boeing 787. Amma fikafikan wani injin GE mai suna GE9X da ake bugawa a Cameri ta Italiya ba da leza ake yi ba, da hasken ilektaron ne, wanda ke riƙe garin da zafi har wajen digiri 1000, shi ya sa ba sa fama da tsagewa kamar ku. Ni dai ina ganin leza za ta fi amfani wajen cike gefen fiffiken da ya cinye.

Ɗalibar digiri na biyu, Rijiyar Zaki:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na tambaya, an ce mini digiri 200 kawai aka ɗumama farantin. Zan fara da auna alminiyam a layukan kamar yadda Malama ta ce, sannan in gasa rabin samfuran in bar rabi don kwatantawa.