Ƙasan falonmu ya zama firji, in toshe hujin iskan nan ne ko yaya?

Abban_Hanif:
Salam jama'a, dan Allah masu zama a tsofaffin gidajen Ingila ku kawo ɗauki. Bara muka sayi gida a Bradford, irin gidajen dutsen nan da ke manne da juna a layi ɗaya, takardu sun nuna tun kafin 1900 aka gina shi. Ƙasan falon katako ne aka shimfiɗa a kan azara, ƙarƙashinsa kuma sela ce, wato ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wadda mutum zai tsaya a miƙe a ciki. To tunda sanyi ya shigo hita na ta aiki amma kanka da ɗumi ƙafarka kamar ka taka ƙanƙara, yara safa bibbiyu suke sawa, ni kaina in na yi sujada wlh iska nake ji tana hura min goshi ta cikin kafet, bil ɗin gas kuwa a bar maganar. Na sauka sela na ga wasu bulo masu huji-huji guda uku a bangon gaba, ta nan iskar ke shigowa. In toshe su da siminti in huta? Ko akwai abin da ake cusawa ta ƙasa ba sai an ɓalle katakon ba?

Mai_Guduma:
Wa alaikumus salam Abban Hanif. Don girman Allah kar ka taɓa bulon nan. Magina ba mantuwa suka yi ba, da gangan suka bar hujin don iska ta dinga ratsawa tana busar da azara, ka toshe yau danshi ya taru katako ya fara ruɓewa a ɓoye, wata rana sai dai ka ji ƙafar kujera ta burma. Iskar ta zauna a ƙasa, kai dai ka hana ta hawowa sama.

Ka ma yi sa'a da kake da sela, wasu rarrafe suke yi da ciki. Ka auna tsakanin azara da azara, yawanci wajen santimita 35 zuwa 40 ne, ka auna zurfinta, sai ka sayo audugar dutse irin su Rockwool mai kauri milimita 100 ko 150 gwargwadon zurfin. Ka yanka ta ta ɗan fi wurin faɗi kaɗan don ta matse da kanta, ka tura har ta taɓa katakon sama, in ka bar fili tsakaninsu iska za ta bi ta nan aikin ya zama na banza. Amma kar ka danne ta kamar kana cusa kaya a Ghana-must-go, iskar da ke cikinta ita ke riƙe ɗumin. Daga nan ka tare ta ta ƙasa da raga ko yadin nan da danshi ke iya fita ta cikinsa, ka buga da sitefla. Leda kam a'a, in ka sa leda ta ɓangaren sanyi gumi zai taru a kanta ya jiƙa azarar.

Kafin komai dai ka ɗau sukundireba ka caccaki bakin kowace azara inda ta shiga bango, in ya nutse kamar a burodi to gyara ne farko.

Maman_Ilham:
Mu a Glasgo allon kumfa mai tauri muka sa, Celotex, don azararmu ba zurfi kuma shi siriri ma yana riƙe ɗumi fiye da auduga. Sai dai Abban Hanif tsohon gida ba abin da ke miƙe a cikinsa, maigidan sai ya yanka allo ya yi daidai a nan ya bar gibin yatsa biyu a can, sati biyu yana fama yana bin gibin da kumfar gwangwani, ya fito gashi duk fari kamar wanda ya kwana a injin niƙa. Da yanzu ne auduga za mu saya.

Kuma bayan duk wannan wahalar iska ba ta daina ba, ashe ta gindin bango take shigowa, tsakanin katakon ƙasa da wanda ya zagaye ɗakin. Na jiƙa bayan hannuna na bi gefe-gefe na gano wuraren, muka toshe da silikon na kuɗi kaɗan, a daren muka ji bambanci. Ka fara da wannan tun kafin ka kashe kuɗi.

Ɗan_Zariya:
Abin da ba a faɗa ba, duk ɗumin da ke tsiyaya ƙasa da shi selarka ke rayuwa, kana rufewa za ta ƙara sanyi. Ni haka na yi na manta da bututun ruwa, dare ɗaya a Janairu ya daskare ya tsage, da asuba na sauka da tocila ruwa har idon sawu. Ka naɗe duk bututun da ke ƙasa da rigarsu ta soso. Wayoyin wuta kuma kar ka binne su cikin auduga, zafi suke ɗauka, a bar su ta ƙasanta ko mai wuta ya zo ya duba. In ka ga wani farin abu kamar filasta naɗe da tsohon bututu kar ka kankare, yana iya zama asbestos, wani kayan gini na da mai ƙura mai illa ga huhu, sai 1999 aka gama haramta shi a Birtaniya, a kira masu gwaji. Takunkumi mai tace ƙura, samfurin FFP3, da tabarau da riga mai dogon hannu dole ne, audugar nan ƙaiƙayinta ya fi na ƙaiƙayin gero. Masu zuwa ƙofa suna tallar fesa kumfa kuma ka yi hattara, bankuna da yawa na ɗari-ɗari da ba da bashin gidan da aka fesa wa ita a jikin katako, ranar sayarwa za ka sha tambaya.

Abban_Hanif:
Allah ya saka da alheri, siminti ya koma shago. Malam Mai_Guduma na bi shawararka na sauka da sukundireba, azara duk lafiya sai guda biyu ta bangon baya, a ɗaya har sukundireban ya shige kusan rabi. Na fita tsakar gida na duba, ashe akwai bulon iska a can ma, masu gidan na da sun ɗaga daɓen waje ya rufe shi ruf. Kafinta zai zo ranar Asabar. Tambaya ta ƙarshe, in an canja azarar nan sai na jira bangon ya bushe kafin in sa audugar ko?

Mai_Guduma:
Eh ka jira. Ka buɗe bulon bayan tukuna iska ta ratsa daga gaba zuwa baya, ka sayi ɗan mitan auna danshi ba tsada, in danshin katako ya sauka ƙasa da kashi 20 sai ka fara. Silikon ɗin Maman Ilham kuwa yau ma kana iya yinsa.