Neman kalmar Hausa: me za mu kira upwelling?

Assalamu alaikum malamai da ɗalibai. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a nan Zariya, kuma kalmar nan ta upwelling ta hana ni sakat tun makon jiya. Na rubuta ta a allo, yara suka kwafe, amma da na ce wani ya faɗa mini da Hausa abin da ya fahimta, aji ya yi tsit. Ba laifinsu ba ne. Yawancinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi madatsar Kubanni ko kogin Galma girma ba.

Ga abin da kalmar ke nufi. Ruwan teku hawa-hawa yake. Na bisa, wanda rana ke duka, yana da ɗumi kuma ba shi da nauyi sosai. Na can ƙasa sanyi ƙarara ne, yawanci bai wuce digiri 4 ba, ga nauyi, domin sanyi da gishiri su ke ƙara wa ruwa nauyi. Duk kilo ɗaya na ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Wanda ya taɓa iyo a dam da bazara ya san haka: ƙirji cikin ɗumi, ƙafafu cikin sanyi. Tun a 1751 wani kyaftin ɗin jirgin bayi na Ingila, Henry Ellis, ya zura guga cikin tekun Atlantika a yanki mai zafi, ya jawo ruwa mai sanyin gaske daga zurfi.

To, duk abin da ya mutu a teku ƙasa yake nutsewa ya ruɓe, saboda haka takin yana can zurfi, su naitiret da fosfet, dangin abin da manominmu na Giwa ko Soba ke saye a buhu. Hasken rana kuwa bai cika wuce mita 200 na bisa ba. Taki a ƙasa, haske a sama, sai an sami abin da zai haɗa su. Idan iska ta daɗe tana kaɗawa a gefen gaɓa, juyawar duniya kan sa ruwan bisa ya kauce ya nufi tsakiyar teku, sai na zurfi ya hau ya maye gurbinsa; wannan hawan shi ake kira upwelling. Wani masani ɗan Suwidin, Ekman, shi ya yi lissafin wannan kaucewa a 1905. Da takin ya iso haske sai ƙananan tsirran da ido ba ya gani su yaɗu, kifi ya biyo. Haka ake yi a gaɓar Gana daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da masunta ke cika kwale-kwale da kifin sadin, haka kuma a Feru da Namibiya da Muritaniya.

Na kai maganar gaban wani abokin aikina mai koyar da Hausa, ya ce a kira shi ɓuɓɓugowar teku. Kalmar ta yi daɗi a baki, na so ta ƙwarai. Amma Malam, ka yi haƙuri, ɓuɓɓuga tana sa yaro ya hango ido guda na ruwa yana tsalle daga cikin ƙasa. Wannan kuwa hawa ne a hankali, ƴan mitoci kaɗan a yini, a faɗin ɗaruruwan kilomita, ko kana cikin jirgi a kansa ba za ka ga komai ba sai dai ka ji ruwan ya yi sanyi. Tumbatsa ma an kawo ta, ita kuwa cika ce har a zube.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wata Hajiya da ke koyarwa tare da mu. Ta ce ai wannan damu ne. In ka ajiye fura a ƙwarya, garin ya kwanta, tsararon ya tsaya a sama, sai an sa ludayi kafin a sha mai gardi. Wallahi ban taɓa jin misalin da ya kama jikin maganar kamar wannan ba, kuma gobe da shi zan shiga aji. Sai dai damu yana kai na sama ƙasa, ya kawo na ƙasa sama. Shi ya sa nake ganin mu ajiye damun teku ya zama sunan ilimin gaurayuwar ruwan teku baki ɗaya, har da babban juyin nan da ke nutsar da ruwa mai sanyi da gishiri kusa da Girinlan, ya zaga duniya cikin shekara kusan 1,000. A lura, damu, ba damuwa ba, kada mai bugawa ya ƙara harafi.

Ga upwelling ita kaɗai, da fari na rubuta tasowar ruwan ƙasa, sai na ga tarko: ruwan ƙasa launi ne a wurinmu, kuma masu haƙar rijiya da burtsatse suna nufin wani abu daban da shi. Don haka na tsaya a kan tasowar ruwan zurfi. Tana da ɗan tsawo, na sani, amma yaron da bai taɓa fita Ƙofar Doka ba zai ji ta ya gane me ya taso, daga ina kuma.

Kishiyarta, wato downwelling, kada mu ce nutsewar ruwan sama, kowa zai zaci damina ake nufi. Nutsewar ruwan bisa nake ba da shawara. Malamanmu na sashen harsuna a Samaru, da masunta da ke cikinmu, musamman waɗanda suka yi kamun kifi a Legas ko Tafkin Chadi, in akwai sunan da kuke kiran wannan sanyin da ke tasowa da shi, don Allah ku kawo, na fi son naku a kan nawa.