Neman kalma: me za mu kira "county" da "sheriff" a takardar neman bayanan kotu?

Mai Fassara
Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Lokaci ya ƙure mini, ina neman agajinku. An ba ni fassarar wata takarda mai shafi biyu da za a raba wa mutanenmu a Bronx ta birnin New York bayan sallar Juma'a, kuma daren Laraba zan miƙa ta ga mai bugawa. Tana bayanin yadda ake neman rahoton 'yan sanda da takardun kotu a nan Amurka. Masu buƙatarta su ne wanda aka yi wa sata kamfanin inshora ya ce ya kawo rahoto, da direban tasi da ya yi hatsari, da wanda aka taɓa kamawa shekarun baya, yanzu zai nemi zama ɗan ƙasa, hukumar shige da fice ta ce sai ya nuna yadda shari'arsa ta ƙare. Kalmomi huɗu ne suka tsaya mini: county, sheriff, records, da certificate of disposition. Ta farkon ta fi damuna, don duk takardar a kanta ta ginu. A nan mutum ba ya zuwa babban birnin jiha neman takardar shari'arsa, county ɗin da abin ya faru yake komawa.

Ɗan Katsina
Wa alaikumus salam. Ƙaramar hukuma mana. Tarayya, jiha, ƙaramar hukuma. Me ya rage?

Tsohon Akawu
Ba za ta zauna ba, ɗana. Ɗan Najeriya in ya ji ƙaramar hukuma, sakatariya da ciyaman da kansiloli yake gani. Cikin 774 ɗin nan babu wadda take da 'yan sandanta ko gidan yarinta. Sannan a Amurka hukumar birni ma ƙaramar hukuma ce, mai magajin gari da rundunar 'yan sandanta daban. Chicago tana cikin Cook County, amma 'yan sandan Chicago dabam, mutanen sheriff dabam. In ka cinye kalmar a kan county, da me za ka kira birnin? Ni gunduma nake gani.

Malamin Hausa
Gunduma ƙasar hakimi ce, Malam Akawu, kai ma ka sani. Los Angeles County mutum sama da miliyan 10 aka ƙirga mata a 2020. Wane hakimi ne ya taɓa riƙe wannan? Muna da kalmarmu da ta yi aikin nan shekara da shekaru: lardi. Lardin Kano, Lardin Zazzau, Lardin Sakkwato, Lardin Barno. Larduna 13 Jihar Arewa take da su kafin a yanka jihohi a 1967, kuma kowanne yana ƙarƙashin jiha kai tsaye, daidai da matsayin county. Kalma ce da ta yi ritaya tana zaune babu aiki. A maido ta.

Ɗan Katsina
Allah ya gafarta Malam, ai ba ta yi ritaya ba. Kullum ana jinta a labarai: lardin Ontario, lardin Kandahar, lardin Xinjiang. Province ta riga ta ɗauke ta.

Tsohon Akawu
Batun girma kuma ba hujja ba ce. Jihar Texas kaɗai tana da 254, cikinsu har da Loving County da aka ƙirga mata mutum 64 a wannan shekarar ta 2020. Delaware uku kacal gare ta. Sun haura 3,000 a faɗin ƙasar, wasu sun fi jiha yawan jama'a, wasu ba su kai unguwa ba. Babu kalmar da za ta dace da girmansu duka, matsayi za a duba.

Bamaraɗe
Ni dai a wajenmu maganar ta daɗe da ƙarewa. Jihar Maraɗi, ƙarƙashinta gundumar Tasawa, gundumar Dakwaro, gundumar Madarunfa. Mutumin Nijar in ya ji gunduma ya san abin da ke bin jiha ne. Kuma ku tuna mu ma muna da yawa a Bronx, kar a yi takardar don 'yan Najeriya kaɗai. Ni a Greensboro ta jihar North Carolina nike, in an gama ina son kofi.

'Yar Zango
Yaya Mai Fassara, ka yi haƙuri in faɗi nawa. Ni nake raka iyayenmu mata ofisoshin nan. Babu wanda ke cewa gunduma ko lardi, kawunti kowa ke cewa. A jikin ginin an rubuta Bronx County, a kan takardar sammaci ma haka. Tsohuwa ta riƙe takardarka ta fito, wa za ta tambaya ina kotun lardi take? Ka rubuta kawunti kawai. Kuma ka lura, New York a juye take: a wasu wurare birane ne cikin kawunti ɗaya, a nan kawunti biyar ne cikin birni ɗaya. Brooklyn a takardar kotu Kings County ne, Manhattan New York County, Staten Island kuma Richmond County. Na ga wanda aka kama a Brooklyn ya zo kotun Bronx neman takardarsa don a nan yake zaune, ya yi asarar yini guda na aiki.

Malamin Hausa
Kawunti! To ga inda muke mutuwa. Duk kalmar da Bature ya furta sai mu lanƙwasa mata baki mu ce ta zama Hausa. Harshen da ya yi mulki da shari'a da rubutun ajami tun kafin Gwamna Lugga ya taka ƙasar Hausa, shi ne yau ba zai iya raɗa wa yankin mulki suna ba? Mutanen Tanzaniya sun zauna sun gina wa Swahili kalmomin mulki da na kotu, mu kuma muna jiran abin da aka rubuta a jikin gini. Kuma a gafarce ni, ba a Bronx za a yanke wa Hausa hukunci ba.

'Yar Zango
Baba Malam, da girmanka, wannan magana ta ƙarshe ba ta yi mini daɗi ba. Kakannina sun yi Hausa a Kumasi, iyayena a Nima ta Accra, ni ina yi da 'ya'yana a Bronx, kuma ban roƙi izinin kowa ba. Kotu da lauya da sammaci da caji ofis daga ina suka zo? Alƙali da shari'a da hukunci fa? Lardin da kake kārewa ma daga Larabci aka aro shi.

Malamin Hausa
'Yata, ban ce ke ba Bahaushiya ba ce, Allah ya kiyaye. Aron da aka yi lokacin da babu madadi daban yake da aron kasala. Wanda ya ari kotu bai bar wata kalma a gida tana kuka ba.

Ɗan Katsina
Ya bari mana. Majalisar alƙali fa?

Mai Fassara
Don Allah a dawo kan hanya, yau Litinin. Gunduma tana da ƙuri'a biyu, lardi ɗaya, kawunti ɗaya. A taɓa mini sheriff.

Malamin Hausa
Wannan kam ba sai an wahala ba: wakilin doka. Shi ne shugaban 'yan doka na En'e, 'yan sandan gida da ba na tarayya ba. Marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya riƙe muƙamin kafin ya tafi jakadanci Senegal, kafin sarauta a 1963. Da aka haɗe 'yan doka cikin 'yan sandan Najeriya sai sunan ya kwanta. Shugaban tsaro na yanki, mai cin gashin kansa daga rundunar ƙasa, ga kalma nan an ɗinka ta daidai wuyansa. Na daɗe ina kiran a yi amfani da ita, kuma a ajina ita nake koyarwa.

Tsohon Akawu
Kalmar tana da kyau, kuma na ji daɗin tuno ta. Sai dai wakilin doka naɗa shi ake yi, sheriff kuwa a yawancin jihohi jama'a ke zaɓensa da ƙuri'a. Aikinsa ma ya wuce sintiri: shi ke riƙe gidan yarin gunduma, shi ke kai sammaci, mutanensa ke gadin kotu. Babbar matsalar kuma, ɗan shekara talatin da aka haifa a Accra ko Damagaram zai ɗauka lauya ake nufi.

Ɗan Katsina
Abin da nake roƙo ɗaya ne, kar a rubuta sharif ko sharifi. Kowa ya san su wa ake kira haka a wajenmu, kuma kalmomin biyu ba su haɗa asali ba. Shugaban 'yan sandan gunduma ya fi, ko da ya yi tsawo.

'Yar Zango
Ga mutanen Bronx ma ba shi da amfani sosai. Rahoton sata ko hatsari wajen NYPD, 'yan sandan birnin New York, ake nema, su ke riƙe da duka biyar ɗin. Sheriff na birnin nan yawancin aikinsa zartar da umarnin kotu ne a ƙararrakin kuɗi da dukiya.

Bamaraɗe
Mu kuwa shina da amfani ƙwarai. Cikin gari 'yan sandan Greensboro ne, in ka fita bayan gari mutanen sheriff na Guilford County ne, kuma gidan yari na hannunshi. Wanda ya zo wurin da abin ya faru, shi ke da rahoton. Dubi abin da anka rubuta a jikin motar ko katin da jami'in ya ba ka. Kotun gundumarmu kuma gida biyu ce, ɗaya a Greensboro ɗaya a High Point.

Tsohon Akawu
Records kuma kar ka nema mata kalma ɗaya, Turancin ne ya haɗa abu biyu. Na 'yan sanda rahoto ne, na kotu kundin shari'a ne, kuma ƙofofinsu daban. Kundin yana hannun magatakardan kotu, wanda suke kira clerk. Na shekara da shekaru ina wannan aikin a gida, akawun kotu ake ce mana, amma ga shugaban ofishin magatakarda ya fi dacewa.

Ɗan Katsina
Ba sai a ce su yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ba, irin tamu ta 2011 mai wa'adin kwana 7?

Tsohon Akawu
A nan mutane da yawa ke ɓata. Irin wannan doka ta Amurka, wato FOIA ta 1966, hukumomin gwamnatin tarayya kaɗai ta shafa, ba ta hau kan gunduma ko birni ba. Kowace jiha da dokarta. Ta New York ana kiranta FOIL, hukuma tana da kwanakin aiki 5 ta ba ka amsar farko, wadda sau da yawa shaida ce kawai cewa buƙatarka ta iso. Ta California kwana 10. Ta North Carolina ba ta yanke kwanaki ba, cewa ta yi a gaggauta. Kotuna kuma ba ta wannan hanya ake bi musu ba, wajen magatakarda ake zuwa kai tsaye. Shafin intanet na PACER da ake yawan ambata, mai santi 10 a kowane shafi, na kotunan tarayya ne, ba za ka ga shari'ar gunduma a ciki ba. A kuma faɗa wa mutane gaskiya cewa ana iya hana su rahoto in bincike bai ƙare ba, kuma kundin yara ƙanana a rufe yake.

'Yar Zango
Ka ƙara musu batun suna, Yaya. A je da sunan yadda aka rubuta shi ranar kamun. Mutum ɗaya sai ka ga Mohammed a lasisi, Mahamadou a fasfo, Muhammad a kundin kotu, kwamfuta kuma ba ta san mutum ɗaya ba ne. A riƙe ranar haihuwa, ranar kamun, lambar shari'ar in akwai, da katin shaida mai hoto. Ko an rufe kundin, hukumar shige da fice tana tambaya a kansa, don haka kar wani ya ce ai an goge ya yi shiru. Ya ga lauya tukun.

Mai Fassara
Na gode. Saura certificate of disposition. Na sa takardar hukunci.

Malamin Hausa
A'a, cire. Mai karatu zai ɗauka an same shi da laifi, alhali da yawa korar ƙarar aka yi. Takardar sallama kuma ta karkata ɗaya gefen. Abin da takardar ke faɗa shi ne inda shari'a ta tsaya, ko da daɗi ko babu. Ka ce shaidar ƙarshen shari'a. Certified copy kuma kofi mai hatimin kotu.

Tsohon Akawu
Wannan ta zauna daram. Allah ya ƙara wa Malam basira.

Mai Fassara
Ga abin da zan miƙa: "Ka nemi takardunka a gundumar da abin ya faru, wato abin da ake rubutawa County a jikin ginin kotu. Rahoton 'yan sanda yana wajen rundunar da ta zo wurin: 'yan sandan birni, ko ofishin sherif, shugaban tsaron gunduma. Kundin shari'a yana wajen magatakardan kotu. In don hukumar shige da fice ne, ka nemi shaidar ƙarshen shari'a mai hatimin kotu." A ƙasa zan jera sunayen gundumomi biyar na New York da Turancinsu, yadda mutum zai nuna da yatsa in ya je.

'Yar Zango
Na so kawunti, amma tunda kalmar County tana nan a rubuce, iyayenmu za su gane ƙofar.

Malamin Hausa
Gunduma na haƙura da ita don Laraba, ba don na gamsu ba. Sherif kam ban yarda ba, kuma ba zan koyar da ita ba. Wakilin doka tana nan, zan buɗe mata zare nata daban bayan Juma'a, duk mai hujja ya zo da ita can.

Bamaraɗe
Ɗan uwa, a kofin da za ka aiko mini ka cire jerin New York ɗin, ka bar wuri in sa Greensboro da High Point. Sannan ka duba "kundi", wasu mutanenmu littafin malamai suka sani da wannan suna. Zan tambayi dattawan nan bayan Isha in dawo maka kafin gobe da azahar.