Wace manhaja ta dace in raba waƙoƙi ga wayoyin gida ba tare da data ba?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tarin sauti wajen GB 60 a wata tsohuwar laftof: waƙoƙin makaɗan fada da na noma da munka juyo daga kasakasan Baba, da tafsirin azumi, da karatun Alƙur'ani. Gidanmu babba ne, kowa sai ya zo da memorinsa ya ce in tura masa, wani ma da magariba ina shirin masallaci. So nake in ajiye laftof ɗin waje guda ta zama rumbu, kowa ya saurara daga wayarsa ta waifai na gida.

Sharuɗɗana su ne: kada abin ya tsaya don data ta ƙare, domin rautar gidan takan yi kwanaki babu ko sisi a cikinta. Sola muke amfani da ita, batirin kuma ba wani babba ba ne. Sannan Baba ba ya taɓa wayar shafa, talabijin ɗin falo kawai ya sani. An ambata mini manhajoji biyu masu mayar da kwamfuta rumbu, Plex da Jellyfin. Mi kunka gani?

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Plex nake amfani da shi, manhajarsa ta waƙa Plexamp kuma babu kamarta wajen kyau. Sai dai dole ka buɗe asusu a wurinsu, shiga ciki kuma yana neman intanet. Akwai inda ake saita shi ya ƙyale na'urorin gida su shiga babu tantancewa, amma ga wanda rautarsa ke kwana babu data, ban ba ka shawararsa ba.

Injiniyan Arkilla:
Malam, tunda sauti kawai gare ka, ka duba Navidrome. Kyauta ne, don waƙa kaɗai aka yi shi, kuma ba shi da nauyi ko kaɗan, har ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi tana ɗaukarsa, balle laftof. Yana aiki a Windows da Linux. In ka girka, ka nuna masa foldar waƙoƙin, sai kowa ya buɗe burauza ya rubuta adireshin laftof ɗin ya ƙara :4533 a ƙarshe. Asusun 'yan gida a cikin laftof ɗinka suke zaune, babu ruwan kowa da intanet. Yana jin yaren Subsonic, wato tsarin da manhajojin waƙa da yawa ke magana da rumbu da shi, don haka manhajojin waya irin su Ultrasonic da Symfonium duk suna haɗuwa da shi, ta biyun dai ta kuɗi ce.

Jellyfin ma kyauta ne, daga wata manhaja mai suna Emby aka tsago shi a 2018, kuma shi ma ba ya neman asusun waje. Ƙarfinsa na ga finafinai. In kana ganin gobe yara za su ce a sa musu bidiyo, to shi za ka ɗauka, ka sa manhajarsa ta waƙa Finamp a wayoyi.

Kada waifai ya dame ka. MP3 mai 128 kbps kusan MB 1 yake ci a minti guda, ko mutum goma na saurare rautar ba za ta ji ba. Abin da za ka kula da shi: ka shiga saitin rauta ka ɗaure wa laftof ɗin adireshi guda, in ba haka ba duk ranar da aka ɗauke wuta ta dawo yana iya sauyawa, 'yan gida su ce abu ya lalace. Ka kuma saita ta kada ta yi barci in an rufe murfinta. Zafin Afrilu a garin nan kuwa ka san shi, ya haura 40, kada ka kulle ta cikin durowa, in hunturu ya wuce kuma a hure mata ƙura.

Maman Ilham:
Injiniya, ka tsallake babban aikin. Navidrome ba sunan folda yake bi ba, bayanan da ke cikin fayil yake karantawa: sunan mawaƙi, sunan waƙa, sunan kundi. Waƙoƙin kaset da waɗanda masu turi ke zubawa a kasuwa yawancinsu babu komai ciki, daga Track 01 sai AUD da WA0003 na WhatsApp. Duk wuri guda zai tara su a ƙarƙashin mawaƙin da ba a sani ba. MusicBrainz Picard, mai cike bayanan waƙa daga intanet, ba zai taimaka sosai ba, makaɗanmu na da kaɗan ne a rumbunsu. Mp3tag za ka ɗauka, manhajar rubuta waɗannan bayanan da hannu, ka zaɓi folda guda ka rubuta musu suna gaba ɗaya. Ka zaunar da Baba yana saurare yana faɗa maka wace waƙa ce, wa aka yi wa ita, tunda shi ya san su. Tafsiri kuma ka raba shi daban, kada yaro ya danna cakuɗawa a ji kotso bayan Fatiha.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganar cakuɗawar nan ta sa ni dariya, don ƙanena zai aikata. Zan fara da Navidrome. To talabijin ɗin Baba fa, Injiniya?

Injiniyan Arkilla:
In talabijin ɗin na shiga waifai, duba ko yana da DLNA, wato tsarin da talabijin ke ɗauko sauti da bidiyo daga kwamfuta ta waifai. Navidrome ba ya yin wannan, amma MiniDLNA a Linux zai yi, foldar guda za su riƙa karantawa, kuma shi yana nuna folda yadda ka jera ta, Baba ya bi da rimot. Faɗa mini sunan talabijin ɗin da abin da ke kan laftof ɗin, Windows ko Linux.